Kashin kaji, ganye ya yi yawa, ga fumfuna: ina matsalar gonar inabin nan take?

Mai Rumfar Inabi:
Assalamu alaikum malamai. Gonar inabi ce a yankin Kudan na jihar Kaduna, kuranga ta shekara 3, tazara mita 3 da mita 2, ana so a daina takin zamani da maganin feshi na kanti. An zuba kashin kaji kai tsaye daga ɗakin kaji a gindin kowace kuranga farkon damina. Ganye ya cika rumfa sai ka ce daji, amma nonon inabin kaɗan ne. A watan Agusta ganyen ya yi tabo-tabo kamar an ɗiga masa mai, ƙarƙashinsa fari, daga baya ya bushe ya kakkaɓe. Takin ne ya jawo, ko cuta ce daban? Me ya halatta a fesa a noman da ba sinadari?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam Alhaji. Biyun ne, kuma ɗaya ne ya buɗe wa ɗaya ƙofa. Ɗanyen kashin kaji cike yake da naitirojin, sinadarin da ke sa ganye, mai saurin fita, ga gishiri. Inabi ba masara ba ne, in ya sami naitirojin fiye da kima sai ya zuba ƙarfinsa a reshe da ganye. Idon reshen da ke inuwa ba ya ɗaukar 'ya'ya sosai, shi ya sa nono ya yi ƙaranci. Rumfar da ta cushe kuma ba ta bushewa bayan ruwa, wannan laimar ita fumfunar damina ke nema.

A fara gyara takin. A sami kashi 3 na busasshen abu, wato karan masara da aka sassara, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, kashi 1 na kashin kaji ko na shanu, da kashi 1 na ɗanyen ciyawa. A jera su hawa-hawa, kowane hawa kamar taƙi ɗaya, ana yayyafa ruwa, har tsibin ya kai faɗin mita 1.5 da tsayin kusan haka. Ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi. Laimar da ake so: ka damƙa a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ba ya tsiyaya ba. Cikin kwana 3 zuwa 5 cikinsa zai kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. In ba ma'auni, a soka rodi a bar shi minti 10, in an zaro ya yi wuyar riƙewa to aiki na tafiya. A juya duk mako 2, na waje ya koma ciki. Warin fitsari na nufin kashi ya yi yawa, a ƙara kara. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, a juya. In ya ƙi zafi sam, ko ya bushe ne ko kara ya rinjaya. Wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya huce, ya yi ƙamshin ƙasa.

Da tazarar gonarka kuranga kusan 1,660 ke hekta ɗaya, don haka kilo 5 kowace gindi ya kai tan 8. Ya isa. Bana ma, tun da ƙasar ta ƙoshi da naitirojin, a rage. A zuba bayan an datse rassa, a ɗan rami mai nisan santimita 40 zuwa 50 daga gindi, a rufe da ƙasa. Toka na ba da fotash wanda inabi ke so don zaƙi, amma tafi ɗaya ko biyu a gindi ya wadatar, kuma kar a haɗa ta da ɗanyen kashi, tana korar naitirojin ya bi iska.

Hajiya Mai Lambu:
Malam ya gama da taki, bari in ɗauki cutar. Tabon mai a sama da fari a ƙasan ganye fumfunar damina ce. Maganinta a noman da ba sinadari shi ne haɗin Bodo, wanda aka gano a gonakin inabin Faransa a shekarun 1880: kofa salfet, shuɗin garin nan na jan ƙarfe, da laim, wato farar hodar da ake samu daga ƙonannen farin dutse. A famfon goyo mai lita 16, giram 160 na kowanne in ganye ya ƙosa, giram 80 na kowanne in sabon toho ne. A narka su daban-daban a bokitin roba, ban da na ƙarfe, sannan a tsiyaya ruwan shuɗin cikin ruwan laim ana motsawa, a tace. A tsoma sabuwar ƙusa minti ɗaya ko biyu, in ta fito da ja-ja laim bai isa ba, zai ƙona ganye. A tabbata laim ne na gaske, don ba kowace farar ƙasar shafe ce laim ba. Ranar da aka haɗa ake fesawa, a kuma juya bakin famfon ya sami ƙarƙashin ganye.

Kariya yake yi, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, saboda haka kafin cuta ake farawa, a maimaita bayan ruwa mai ƙarfi ya wanke shi.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Wai tun da an halatta shi, a yi ta zubawa. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake a saman ƙasa shekara da shekaru, yana kashe tana da ƙananan halittun da aka sha wahalar haɗa takin dominsu. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kilo 28 kowace hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara. Kofa salfet kashi ɗaya cikin huɗu ne jan ƙarfe. Feshi ɗaya na lita 500 a hekta a cikakken ƙarfi ya ci kilo 1.25, ka ga na huɗu ya tsallake iyaka. Almakashi ya kamata ya yi rabin aikin: a rage rassa, a cire ganyen da ya rufe nono, a kwashe wanda ya kamu a ƙone.

Da hunturu wata fumfunar ce ke zuwa, mai kama da an barbaɗa toka a ganye da 'ya'ya, tana sa ƙwaya ta tsage. Ita farar wuta mai narkewa a ruwa take ji, giram 2 a lita. Da sassafe ko yamma kawai, in zafi ya wuce digiri 32 ƙona ganye take. Kar a fesa ta cikin mako 2 da fesa kowane irin mai, har man darbejiya.

Ɗan Fadama:
Ƙari kaɗan kan ƙwari, Alhaji. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga yana ɓuya ƙarƙashin tsohon ɓawo, tururuwa ce ke kiwonsa saboda zaƙin da yake fitarwa. A ɓare ɓawon da ya saki bayan datsa, a ɗaura leda a gindi a shafa mata abu mai danƙo don tare tururuwa. Feshi: giram 50 na dakakken ƙwallon darbejiya a lita ɗaya, ya kwana a jiƙe, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako, rana tana kashe ƙarfinsa.

Wake a tsakanin layuka da damina yana da kyau, amma a gonarka ni ban goyi baya ba bana, ƙarin naitirojin ne. A bar gajerar ciyawa ana yanka.

Mai Rumfar Inabi:
Allah ya saka da alheri. Shimfiɗa kara a gindi fa? Ana tsoron gara.

Malamin Gona:
A shimfiɗa, kaurin santimita 8 zuwa 10, yana rage ban ruwa da rani. A bar taƙi ɗaya tsakaninsa da gindi, kar ya taɓa itacen. Gara busasshen abu take fara bi, kuranga mai ƙishi ko mai mataccen reshe ita ta fi shiga, don haka a yanke matattun rassa a kuma riƙa duba sandunan rumfar in na itace ne.