Wai tunda Linux a buɗe take, shi kenan an tsira?

Mai Gyara: Jama'a, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ake kawo min da yawansu ba sa karɓar Windows 11. Ni Linux Mint nake sa wa mutane yanzu, ɗaya daga nau'o'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Rubutunta a fili yake, kowa na iya dubawa, don haka babu mai iya ɓoye mugun abu a ciki.

Malam: Ƙanena, Mint ba laifi, amma ƙarshen maganarka ne ban yarda da shi ba. A Maris 2024 an gano ɓarauniyar ƙofa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, mai kiran kansa Jia Tan, sai da ya yi kusan shekara biyu yana taimakawa kamar mutumin kirki har aka ba shi amana. Rubutun a buɗe yake, amma wa ya zauna ya karanta?

Mai Gyara: Ai Malam hujjata ka kawo. Wa ya kama shi? Wani injiniyan manhaja, Andres Freund, da ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya tono abin, kafin ya kai ga tsayayyun bugun Debian da Ubuntu, wasu manyan nau'o'in Linux. Da a rufe take, ina zai samu ƙofar bincike?

Malam: Mutum ɗaya, kuma da katari. Ka tuna Heartbleed: kuskure ya kwana kusan shekara biyu a cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ke sirranta bayanai a intanet, kafin a gan shi a 2014. Batun sirri ma haka. Ubuntu ta 2012 tana ɗaukar abin da ka nema a kwamfutarka ta nuna maka kayan Amazon, har Richard Stallman, jagoran fafutukar 'yancin manhaja, ya kira ta 'yar leƙen asiri. Jama'a suka yi ca, daga baya aka kashe abin. Buɗewa tana ba mu damar kama ɓarawo ne, ba ta hana shi shigowa.

Hajiya: Ku tsaya tukuna. Ni lissafin shagona ne a cikin kwamfutata, da lambobin masu ɗinki da hotunan yara. Ɗana ya ce wata Linux mai suna Tails ce ta fi kowacce tsaro, ita zan sa?

Malam: A'a Hajiya. Tails a filas ake tayar da ita, tana bin da ke ta Tor, hanyar da ke ɓoye sawunki a intanet, in kin kashe kuma ta manta abin da kika yi sai wanda kika keɓe wa ma'aji. Ta 'yan jarida ce da masu gudun a bi sawunsu. Ga lissafin kullum wahala za ta ba ki. Qubes kuwa, wata da ita ma ta yi suna wajen tsaro, tana son ram mai yawa, tsohuwar kwamfuta ba za ta iya ba.

Mai Gyara: Nan kam mun haɗu. Abin da ya fi ba ni tsoro a wajenki sata ne. An taɓa kawo min kwamfuta mai kalmar sirri, na sa filas na kunna, cikin 'yan mintuna ga hotuna ga takardu, duk a fili, domin ba a kulle faifan ba. Mint tana tambaya wajen sakawa ko a kulle faifan gaba ɗaya. Ki ce e. Amma in kin manta kalmar, ni ma ba zan iya buɗe miki ba.

Malam: Kuma in alamar garkuwa ta nuna sabuntawa, kar tsadar data ta sa ki ɗage. Mint 22 tana da tallafi har 2029. Ni dai da ni ne, Debian zan sa, don ita ce tushen Ubuntu da Mint ta fito daga ciki.

Mai Gyara: Malam, firintar Hajiya fa? Mint ta fi sauƙin hannu ga sabon shiga.

Hajiya: To ranar Asabar zan aiko da ita. Ka fara kwafe min lissafin tukuna kafin ka goge komai.