Me za mu kira heavy metals da Hausa? Don labaran ƙarfe 6 nake nema

Mai Fassara: Salam jama'a, a taimaka don Allah. Ina fassara rahoto kan dam ɗin dagwalon ma'adinan tagulla da ya ɓalle kusa da Chambishi a Zambiya cikin Fabrairun 2025, ruwan asid ya gangara kogin Kafue ya bi ta gonakin mutane har aka rufe ruwan famfo a birnin Kitwe. Sun ce ƙasar noman ta gurɓata da heavy metals, ya zan ce?

Baban Hanifa: Ƙarafa masu nauyi mana.

Ɗan Anka: Haba yaya, manomi ya ji haka ai rodi zai ɗauka ko kan tarakta. Mu nan tun 2010 gubar dalma muke cewa, yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, a ƙauyen Bagega sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba wata, kowa ya gane ba sai an yi bayani ba.

Mai Fassara: Ai ba dalma kaɗai ba ce, akwai tagulla da sinadarin asanik mai guba, kuma abin ba ya ruɓewa, yana nan cikin ƙasa shuka na zuƙa, kamar ƙarfen kadmiyam da ya shiga shinkafa a Toyama ta Japan.

Malam Nahawu: Tun bara na ƙirƙiro ƙarguba, wato ƙarfe da guba, jam'i ƙargubai. Ku dai ba ku son naku sai aro.

Baban Hanifa: Malam da girmanka, ƙarguba kamar sunan ƙauye.

Malam Nahawu: Kadmiyam ɗin kuma kakanka ne ya raɗa? Kuma darma ake cewa ba dalma ba.

Ɗan Anka: Ranka ya daɗe duka biyun ana faɗa, kada a maido mana rigimar Kananci da Sakkwatanci nan.

Yar Maraɗi: Mu da Faransanci ma masu nauyi ake cewa, amma ni ƙarafa masu guba ya fi kwanta mini. Sai dai tagulla da tutiya shuka na buƙatarsu kaɗan, yawan ne ke zama guba.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure, na sa ƙarafa masu guba irin su dalma, edita ya wuce da shi.

Malam Nahawu: To. Ɗalibaina dai ƙarguba za su rubuta a jarrabawa.