Musayar Waƙa: In Shuka ko In Jira?

Auta na Kwoi:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Na gama bautar ƙasa a watan jiya. An ba ni aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna, ga kuma gonar cittar marigayi Babanmu a gida, babu mai riƙe ta sai Mama. Na sa damuwata a waƙa, ku taimake ni da amsa.

Mako uku ke nan ina durƙuso da azumi,
Sama ta yi shiru, ban ji amsawa.

Takardar aiki na nan cikin aljihuna,
Litinin ta sama wa'adi ke cikawa.

Gonar Baba ciyawa ta rufe ta,
Hadarin Afrilu kuwa yana haɗuwa.

Mama ta ce, "Je ka, ɗana, kar ka damu,"
Alhali na ga gwiwarta na kumburawa.

Gidiyon ya shimfiɗa ulu a masussuka,
Raɓa ta ba shi alamar ganewa.

Ni ma na roƙi mafarki ko guda ɗaya,
Na farka da safe ba abin tunawa.

In na tsara, tsoro nake in yi gaban kaina,
In na zauna jira, damina na wucewa.

Baba Tsohon Mai Bishara:
Ɗana, tashi ka kaɗe gwiwarka,
Buɗe Ayyukan Manzanni sha shida mu bi tafiya.

Bulus ya tsara, ya ɗaura takalminsa,
Niyyarsa wa'azi a ƙasar Asiya.

Ruhu ya hana, bai koma ɗaki ba,
Ya juya fuska ya nufi Bitiniya.

Can ma aka rufe, ya gangara Taruwasa,
Ga teku a gaba, ga ƙarshen hanya.

A nan ne da dare ya ga mutum na roƙo,
Ya ƙetaro ya taimake su a Makidoniya.

Wahayin bai iske shi zaune a gida ba,
Sai da ƙafa ta yi ƙura, ta sha wuya.

Da ya tsaya jiran alama tun farko,
Wa zai kai bishara bakin kogi ga Lidiya?

Ka tuna da tushen ikkilisiyarmu. A 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka Legas da shirinsu, Gowans, Kent da Bingham. A 1894 aka binne Gowans a Girku, Kent a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki. Sai a yunƙuri na uku, a 1902, aka kafa tashar mishan a Patigi. Daga wannan shirin da ya rushe har sau biyu ECWA ta fito a 1954. Duk lokacin da na tuna kabarin Girku sai hawaye su zo mini.

Yaya na Kachia:
Baba, na ji, a yi mini haƙuri in faɗi tawa,
Ni dai ban zauna jiran mafarki ba.

Na yi lissafi kamar mai gina hasumiya,
Ko kuɗin taki ban ƙi rubutawa ba.

Na kwashi adashe, na ƙara da bashi,
Ban sa fartanya ba tare da addu'a ba.

Tsakiyar daminar 2023 na shiga gona,
Ganye ya yi rawaya, ban gane ba.

Na tona da hannu, citta ta narke a tafina,
Warin nan har yau bai bar hancina ba.

Kachia, Kagarko, Jaba, kuka ɗaya,
Cutar ba ta tambayi mai ba da zakka ba.

To ku gaya mini, nufinsa na tsallake,
Ko kuwa shi ne bai ji kukana ba?

Mama ta Zumuntar Mata:
Na karanta naka, na ajiye waya, na daɗe ban iya rubutu ba.

Matso kusa ka ji, ɗan Kachia,
Ruɓar citta ba hukunci ba ce, ɗana.

Ruwa na sauka wa mai adalci da mugu,
Haka fari, haka cuta, haka zafin rana.

Mu ma mun tara bulo, ni da Babanku,
Ya auna ɗaki uku da igiya a gabana.

Kafin a haƙa harsashi ya kwanta ciwo,
Kwana tara, na rufe idon mijina.

Shekara biyu bulo na jibge, gansakuka ta hau,
In na wuce sai in kau da idona.

Ran nan na kira magini, na ce ɗaki ɗaya,
A ciki nake ɗinki, da shi na ilmantar da 'ya'yana.

Ban ce na gane dalili ba har yau,
Amma ko yanzu hannunsa na riƙe da hannuna.

Yakubu bai hana kowa zuwa fatauci ba,
"In Ubangiji ya yarda" ya koya wa bakina.

Kai kuma Auta, uwa in ta ce je ka, ba a ɗaukar ta farko. Ka je gida, ka bari a ci tuwo a kwashe kwanuka, ka zauna kusa da ita ka sake tambaya. Mu mata mun saba haɗiye abu don kada mu tare wa ɗa hanya.

Yaya na Kachia:
Na gode, Mama. Tun da abin ya faru ba wanda ya ce mini haka.

Auta ƙanena, karɓi ta wanda ya ƙone,
Kar ka zuba gona duka a citta bana.

Raba ta, sa masara, sa waken suya,
Iri kuma ka san asalin gonar da aka tona.

Baba Tsohon Mai Bishara:
Ka ga, ɗana, amsar da ka nema a barci,
Ta zo ta bakin 'yan'uwa cikin ikkilisiya.

Ubangijinmu ma a Getsamani ya faɗi nasa roƙon,
Sannan ya miƙa wa Uba da dukan zuciya.

Auta na Kwoi:
Iyayena, na je gida ranar Juma'a kamar yadda Mama ta Zumuntar Mata ta ce.

Bayan tuwo na zauna a tabarmar mahaifiyata,
Na sake tambaya, ta yi shiru tana dubawa.

Ta ce ba noman ne ke hana ta barci ba,
Kar gonar Baba ta mutu, shi take gudawa.

Ta ce albashi zai saya mata maganin gwiwa,
Amma duk wata ƙafata ta riƙa zuwa.

Muka kira Kawu, muka raba gonar huɗu,
Kashi ɗaya citta, uku masara za a zubawa.

Na rubuta shirin da fensir a bayan Littafina,
Mama ta ɗora hannu, muka yi ta roƙawa.

Ban yi mafarki ba, kuma tsoro bai tafi duka ba,
Yaya na Kachia, zan neme ka kan irin shukawa.

Litinin da asuba, in Ubangiji ya yarda,
Motar Kaduna ta farko nake shirin hawa.