Gadar ɗora babur a bayan mota: wa ya taɓa haɗawa?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Duk ranar kasuwa nake ɗora Boxer ɗina a bayan a-kori-kura, kuma sai na nemi mutum uku mu ɗaga shi. Bayana ya fara gaya min gaskiya. Ina so in haɗa gada da kaina, katako ko ƙarfe?

Kafinta: Wa'alaikumus salam. Katako ya isa in ka sami mai kyau. Je kasuwar katako ta Na'ibawa a Kano ka ce a ba ka mai kaurin inci 2, faɗin inci 12. Ka juya shi ka duba, in da ƙulli ko tsaga a tsakiya ka bar musu kayansu, nan yake karyewa. Boxer ya haura kilo 100, mai kaurin inci ɗaya ba zai ɗauka ba.

Baba direba: Yaro, fara auna tsayin bayan motar daga ƙasa. In ƙafa 3 ne, kada gadar ta gaza ƙafa 10. Gajeriya tana miƙewa tsaye, cikin babur ya daki bakin mota, tayar gaba a sama ta baya a ƙasa, kai kuma kana riƙe da shi ba gaba ba baya. Ni fa in na sami tudu ko bakin kwalbati, sai in ja motar da baya in manna, tsayin ya ragu sosai.

Mai walda: Ni ƙarfe zan ce, amma kada a ce talla nake. Ko katakon ne, kawo in lanƙwasa maka ɗan faranti a ɗaure shi da noti a kansa, ya kwanta a kan murfin baya. Ƙusa tana zarewa.

Makanike: Duk ba ku faɗi abin da ya kwantar da ni ba. Gadata lafiya lau, ban ɗaure ta da mota ba, na ta da inji na ba shi wuta. Tayar baya ta harba katakon waje, babur ya sauko a kan ƙafata, sati biyu ina ɗingishi. Ka ɗaure gadar da igiya ko bel a jikin ƙarfen ƙasan mota, ka ja ya yi tsam. Ka kashe inji, a tura.

Kafinta: Allah ya ƙara sauƙi, oga. Ka kuma yanka tsohuwar taya ka lulluɓe saman, don jiƙaƙƙen katako santsi gare shi.

Mai tambaya: Wajen saukewa fa, Baba?

Baba direba: Sa shi a giya ɗaya, inji a kashe, ka riƙe kuloci. Ya nemi gudu, ka saki kuloci ya tsaya. Birkin gaba kaɗai jan ƙasa yake in ana komawa baya. Ka aje benci a gefe da za ka taka, kuma mutum ɗaya dai ya riƙe maka babur ɗin ta baya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Mai walda, gobe bayan la'asar zan shigo da katakon.