Mutum ɗaya ya fito biyu, aljana ta ɓace: ya ake yi ba tare da koren ƙyalle ba?

Ɗaliba_Aji3:
Assalamu alaikum. An ba rukuninmu aikin gajeren fim na minti 8, kuma akwai fitowa uku da suka tsaya mana. Ta farko, Hassana da Usaina suna zaune a ɗaki suna musu, amma jaruma ɗaya ce za ta hau rol ɗin duka. Ta biyu, aljana za ta ɓace a gaban wani tsoho. Ta uku, yankan wuƙa a hannu, jini na zuba. Abin da muke da shi: kyamara ɗaya da ƙafarta, fitilu biyu, da laftof mai manhajar tace fim ta DaVinci Resolve ta kyauta. Wasu sun ce mu sayi koren yadi, wanda ake shimfiɗawa a bayan jarumi don kwamfuta ta cire shi ta sa wani bango. Ya zama dole ne?

Baban Kyamara:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ku bar kuɗin yadin a aljihu. Fitowa ta farko da ta biyu dabara ɗaya ce, kuma ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin tun 1896 Georges Méliès yake ɓatar da mutane da ita a Faransa. Dabarar ita ce a ɗauki wuri ɗaya fiye da sau ɗaya kyamara ba ta motsa ba, sannan a haɗa hotunan. Sharaɗinta shi ne kada komai ya canza tsakanin ɗauka da ɗauka sai jarumar.

Ki kafa kyamara a kan ƙafarta, ki ɗaure kowane maɗauri, ki rataya jakar yashi ko jarkar ruwa a tsakiya don ta yi nauyi. Ki manna salatif a ƙasa zagaye da ita, kowa ya san nan ba wurin bi ba ne. Sannan ki fitar da komai daga otomatik: fokas, buɗewar lens, ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) da ma'aunin farin haske. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Idan Hassana ta sa farin hijabi, Usaina ta sa baƙi, kyamarar da ke kan otomatik za ta rage haske a ɗauka ta farko ta ƙara a ta biyu, sai bango ya fito rabi fari rabi duhu, layin haɗin ya bayyana ƙuru-ƙuru.

Ki ɗauka a firem 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25, shata 1/50, wato kowane hoto ya sha haske na kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. Wutar lantarkinmu 50 Hz ce, fitila tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, don haka firem 30 da shata 1/60 yakan jawo ratsi-ratsi masu tafiya a hoto. Ƙaramin janareta kuwa ba ya tsayawa a kan 50 ɗin, yana hawa yana sauka, shi ya sa fitila mai batir ta fi aminci a wannan fitowar.

Tsarin ɗaukar: ɗakin babu kowa na daƙiƙa 30, sai Hassana a hagu, sai Usaina a dama. Ki zaɓi layin da za a raba hoton tun kafin a fara, kuma ya faɗa kan wani abu miƙaƙƙe da ke bango, kamar gefen ƙofa ko kusurwar sif. Hannu ba ya tsallaka layin, inuwa ma haka. Kada su zauna a katifa ɗaya ko doguwar kujera mai soso, domin loɓawar gefe ɗaya tana jan ɗayan. Tabarma ko kujeru biyu. A kashe fanka saboda labule.

Taga kuma a rufe ta da bargo. Rana tana gusawa digiri 15 a awa, jaruma kuma sai ta canza kaya da kwalliya. Kafin ta dawo hasken da ke kan bango ya matsa.

Mai Tace Hoto:
Malam ya gama magana a kan kyamara. Saura abin da ke kashe fitowar tagwaye ko da hoton ya haɗu: lokaci da kallo. A ɗaukar Hassana, wata ta zauna a wurin Usaina tana karanta mata amsoshin, ba tare da ta tsallaka layin ba. Da an samu ɗaukar da darakta ya yarda da ita, a tura sautinta waya, jarumar ta sa ƙaramin iyafis a kunne ƙarƙashin hijabi, ta yi Usaina tana sauraron muryarta ta Hassana. Ta haka shirun da ke tsakanin maganganu zai zo daidai. Don kallo, a kafa sanda a inda Hassana ta zauna, a manna alama a daidai tsayin idonta. In ba haka ba ɗaya tana kallon goshi, ɗaya tana kallon kafaɗa, mai kallo kuma yana ganewa ko da bai san me ya gane ba.

A Resolve aikin minti biyar ne. Ɗaukar Hassana a layin bidiyo na ƙasa, ta Usaina a na sama, ki shiga Inspector, wajen Cropping, ki ja Crop Left har zuwa gefen ƙofar, ki ɗan ƙara Softness don bakin yankan ya narke. Kuma kada ki bar hoton da suke su biyu ya wuce daƙiƙa 5 zuwa 6 a jere. Sauran musun ki ɗauke shi ta bayan kafaɗa, da wata mai irin tsayin jarumar. Hijabi ya sauƙaƙa mana wannan ƙwarai, babu wanda zai gane ƙeya.

Ɓacewar aljana: ki ɗora ɗaukar da take ciki a kan ta wurin da babu kowa, ki narkar da ita cikin firem 8 zuwa 12. Tsohon kada a ce masa ya daskare, ba zai iya ba, kansa zai yi tsalle a wurin yankan. A raba hoton kamar na tagwaye, gefensa ya ci gaba da tafiya, gefen aljanar kaɗai ya narke. Hayaƙi kuma kada a kunna shi a ɗakin, domin ba ya maimaita siffarsa. Ki ɗauki turaren wuta daban a gaban baƙin yadi, fitila ta haska shi daga baya ta gefe, sai ki ɗora shi a sama ki mayar da Composite Mode zuwa Screen, baƙin zai tafi ya bar hayaƙin.

Ɗaliba_Aji3:
Allah Ya saka da alheri. To idan darakta ya nace Hassana ta miƙa wa Usaina kofi fa? Ko ta wuce ta gabanta?

Mai Tace Hoto:
Kofi mai sauƙi ne: yanka zuwa hoton hannaye biyu a kusa, ɗaya na jarumar, ɗaya na mai tsaya mata, lalle da zobe iri ɗaya. Wucewa ta gaba ita ce ke neman koren ƙyalle ko zagaye jiki firem bayan firem, kuma daƙiƙa 4 firem 100 ke nan. In ya zama dole, yadin ya zama marar sheƙi, a goge shi, a ja shi ya miƙe, jarumar ta yi nesa da shi kamar mita 2, a haska yadin daban da ita. Fitilunku biyu ba za su isa ba. Farar shadda tana kwaso koren ta dawo da shi jikinta, gyale shara-shara kuma yakan tafi tare da bangon. Ni dai shawarata a gyara rubutun, Hassana ta tsaya a gefenta.

Anti Mai Kwalliya:
Ƙanwata, ga na jinin. Sukari kofi 2, ruwa kofi 1, a dafa a ƙaramar wuta har ya narke ya ɗan yi danƙo, a bari ya huce sarai. A zuba jar kalar kek cokali 1 babba, garin koko ƙaramin cokali 1, shuɗiyar kala ɗigo ɗaya tak. Koko shi ke kashe jan nan mai kama da lemon kwalba. A baƙar fata jinin da haske ke ratsawa ɓacewa yake yi, sai ya zama kamar ruwa, don haka a dama garin sitaci ƙaramin cokali 1 a ciki ya yi kauri. Ki gwada a hannun jarumin, ƙarƙashin fitilar da za a yi ɗaukar, ki duba ta kyamara, kada ki yarda da yadda ya fito a roba. Zoɓo yana komawa ruwan hoda mai duhu ya bushe nan da nan. Jinin kwata kuwa kada ma a kawo shi: yana daskarewa, yana wari, ga cuta, ga najasa a tufafin mutane.

Wuƙar gaske ba ta shiga lokeshan, ko da an dakushe ta. A yanka ta kwali mai kauri ko roba, a fesa mata fenti ruwan azurfa. A ɓangaren da kyamara ba ta gani a manna siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, sabo fil, a bi da shi ta cikin hannun rigar mai riƙe da wuƙar zuwa sirinji mai cin mil 20, babu allura. Wani ya matsa a hankali daidai lokacin da wuƙar ke tafiya. Jinin tiyo sai an sirka shi da ruwa, mai kaurin yana toshewa.

Bakin ciwon da za a nuna daga baya: Vaseline kashi 1, fulawa kashi 2 zuwa 3, a murza da ɗan koko har ya zo kalar fatar, a shafa siriri, a tsaga da bayan cokali, a sa jan-baki mai duhu a cikin tsagar kafin jini. Zafi yana narkar da shi, saboda haka a yi shi minti 10 kafin ɗauka, a inuwa. Ku tanadi riga iri ɗaya guda uku, kalar kek ba ta fita daga farin yadi da wuri. Ƙuda da kiyashi za su zo wa sukarin, a ajiye bokitin ruwa da tsumma kusa, a rufe robar jinin tsakanin ɗauka da ɗauka.

Baban Kyamara:
Ƙari ɗaya kan na Anti: fitowar jinin ta zama ta ƙarshe a wannan ɗakin. Ɗigo ɗaya a tabarma ya ɓata hoton ɗaki babu kowa da kuka ɗauka da safe. Kuma kafin a taɓa ƙafar kyamara bayan tagwayen, a cire katin ajiyar hotunan a hankali, a haɗa ɗauka biyun a laftof nan take a gani. In layin ya fito, a sake tun jarumar tana cikin kayanta.