'Yan jiu-jitsu na Brazil sun iya kaye kuwa?

Na Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kalli wani wasan gasar BJJ, wato jiu-jitsu na Brazil, alƙali na cewa a fara, ƙarti biyu masu baƙin bel kowa ya kama rigar ɗan uwansa sai suka zauna daɓas tare kamar an kawo musu tuwo. Ni magana ɗaya gare ni, mutanen nan ba su iya kaye ba, duk cikinsu. A kokowa tamu ka kai ƙasa an gama da kai, su kuma da kansu suke kai kansu

Mai Bulu Bel: Wa alaikumus salam. Yaya "duk cikinsu" ɗin nan ne ya ɓata maka magana. Abin da ka gani jan gad ake ce masa, wato ka riƙe mutum ka zauna ka tare shi da ƙafafu, kuma lissafi ne ba tsoro ba. A dokar IBJJF, hukumar da ke shirya manyan gasannin BJJ, kaye maki 2 ne, in kana ƙasa ka juye mutum ka dawo sama shima 2, tsallake ƙafafunsa 3, hawa ruwan cikinsa ko kama bayansa 4. Zama kuwa ba a cire maka komai in dai da riƙo a hannunka. To ni da na fi ƙwari a ƙasa don me zan ƙarar da numfashina a tsaye ina neman 2 ɗin da zan iya samu daga zaune?

Ɗan Judo: Hhhh ai ka amsa laifi da bakinka malam. Abin takaicin ma daga judo abin ya fito, Mitsuyo Maeda ɗan Kodokan, babbar makarantar judo ta Japan, ne ya sauka Brazil a 1914, gadon da su Gracie, dangin da suka yaɗa BJJ, suka karɓa da tsaye da ƙasa ne, sai aka yar da rabi a hanya. A 1951 a filin Maracanã Kimura, ɗan judo na Japan, ya dinga ɗaga Helio Gracie yana bugawa da ƙasa kafin ya murɗe masa hannu, tun lokacin ya kamata a gane inda gizo ke saƙar

Kawu Mai Kallon UFC: Ni ban taɓa sa rigar ba amma ina da ido. 2017 a UFC, gasar faɗan da ake haɗa dambe da kokawa, Demian Maia ɗan BJJ da Tyron Woodley, zagaye biyar cur, sau 21 Maia yana nutso neman ƙafa ko ɗaya bai samu ba. Kuma fa Maian nan zakaran ADCC ne, babbar gasar kaye da shaƙa ta duniya, ba yaro ba. Duk shaƙewar da ka iya in ba ka kai mutum ƙasa ba a aljihu za ta kwana

Mai Bulu Bel: Kawu da girmanka ka faɗi rabi ka bar rabi. Woodley ɗan kokawar jami'ar Missouri ne na sahun gaba a Amurka, ba resilin ɗin talabijin ba fa, ta gaske. Kuma Maian nan dai shi ne a 2009 a Landan ya rungumi Chael Sonnen, shima ɗan kokawar jami'a, ya wuntsila shi ta baya ya naɗe masa wuya da ƙafafu a zagayen farko. Je ka kalli Jacare Souza ko Roger Gracie a tsaye sannan ka dawo ka ce min ba su iya ba

Ɗan Judo: Jacare baƙin bel gare shi a judo, Roger ma haka, a Landan ya je ya koya. Ka ga ka ƙara min hujja kenan, duk wanda ya iya a cikinku rance ya ciyo a maƙota

Mai Bulu Bel: To rancen haram ne? Rolls Gracie ma tun kafin rasuwarsa a 1982 yake shigo da kokawa da sambo cikin gidan

Ɗalibi A Turai: Bari in sa baki tunda ni kusan kullum da yamma ina kan tabarma. Gsky duk kuna da rabo a maganar. Wurin da nake zuwa ɗakin ƙarami ne, in an cika ba yadda za a yi kowa ya tashi tsaye, wani zai faɗo kan gwiwar wani, don haka daga durƙuso muke farawa, malaminmu sau ɗaya a sati yake koyar da kaye kuma ranar ce mutane suka fi samun uzuri. Akwai wani mai bel ruwan shunayya, wanda ke gaba da bulu, shekara shida yana yi, a ƙasa wlh kamar ka faɗa rijiya, amma ranar da wani yaro ɗan Dagestan ya zo, farin bel sabo fil ko ɗaure shi bai iya ba, aka ce su fara a tsaye, sau uku yana kwasar ƙafafunsa kafin minti biyu. Na huɗun mutumin namu bai jira ba ya zauna da kansa, bayan ɗan lokaci ya juye yaron ya kama bayansa ya shaƙe. To ku faɗa min wa ya ci? Launin bel ba ya gaya maka komai kan tsaye, sai ka tambayi mutum daga ina ya fito kuma wace gasa yake wa shiri

Na Maraɗi: Yaron ya ci mana, sau ukku

Ɗalibi A Turai: A Maraɗi eh yaya, a can kuwa a'a. Amma dubi ADCC da Sheikh Tahnoon na Abu Dhabi ya kafa a 1998, ba riga, kuma da zarar an fara ƙirga maki in ka zauna da kanka a cire maka ɗaya. Shi ya sa masu shirinta dole su nemi malaman kokawa. A 2019 Nick Rodriguez yana bulu bel kawai, da kokawarsa ya ture manyan masu baƙin bel har wasan ƙarshe na masu nauyi, sai Kaynan Duarte ne ya tsayar da shi. Canza doka ka ga yadda mutane ke canzawa

Baban Yara: Ku duk ƙuruciya ke ɗibanku. Na fara ina da 41, ranar da wani ya so yi min taɗiya ya faɗo da duk nauyinsa a gefen gwiwata wata uku ina sallah a kan kujera. Tun daga nan in an ce a tsaye, ni dai na kama riga na zauna, wanda zai yi dariya ya yi, ba shi ke biyan kuɗin makarantar yarana ba

Ɗan Judo: Allah ya ƙara sauƙi baba. Amma ka ga wanda ya ji maka ɗin ai rashin koyo ne ya jawo, mu makonnin farko faɗuwa kawai ake koya mana, yadda za ka sauka ka buga hannu ka ɓoye haɓa, kafin a bari ka taɓa kowa

Baban Yara: Amin. Gwiwata ya faɗo wa, ɗana, ba haɓa ba

Na Maraɗi: To na janye "duk", na bar "yawanci". Ɗalibi in ka zo hutu ka taho da mai shekara shidan nan lokacin kokowar takobi, mu sa shi cikin rairayi da 'yan Dosso mu gani ko zai samu wurin zama