Wane suna za mu ba SSD da Hausa?

Malamin kwamfuta: Assalamu alaikum. Malamai da masu sana'a, ina neman kalmar da za mu tsaya a kanta game da SSD, wato sabon ma'ajin bayanai na cikin kwamfuta. Yaran da ke koyon gyaran kwamfuta a nan Sakkwato suna rubuta darasinsu da Hausa, amma kowa da irin tasa kalmar: wani es-es-di, wani "ma'aji mai sauri", wani "daskararren faifai". Na ukun nan ya fi damuna, domin abin babu faifai a cikinsa ko ɗaya. Tsohon, wanda a baki muke ce wa had-dis, shi ne mai faya-fayai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wata 'yar allura tana shawagi a kansu tana karantawa. SSD kuwa ƙwayoyin lantarki ne manne a jikin allo, dangin na cikin memorin waya, babu abin da ke motsi. Ina son sunan da zai sa wanda ya je saye ya san abin da zai tambaya.

Mai gyara: Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai "mai sauri" ban aminta da shi ba, don saurin ba guda ba na. Wanda anka jona ta hanyar SATA ba shi wuce megabait 600 ga sakan, komi tsadarshi. Wanda anka jona ta NVMe, in na ƙarni na 3 na, shina kai 3,500. Na 4 wajen 7,000. Na 5 kuwa ya zarce 10,000. Tsohon na laftof wajen 100 shi kan tsaya. In munka ce musu "mai sauri" dukansu, mai shago shina iya ba mutum na SATA da kuɗin NVMe, kuma bai yi ƙarya ba.

Malamar Hausa: Malam, "daskararre" fassarar fatar kalmar "solid" ce ta cikin sunan Turancin. A Hausa ruwa ke daskarewa, ko mai, wato abin da da can yake narke. Abin da masu ƙirar suke nufi shi ne ba shi da sassa masu motsi. Shi kuma had-dis, in an rubuta shi ya yi kusa da hadisi, ban so mu sa shi a littafi. Muna da "rumbu", kunne ya riga ya saba da "rumbun adana bayanai" a rediyo da jarida. Sai a ce wa tsohon *rumbu mai faifai*, sabon kuma *rumbu marar faifai*. Duk wanda ya ji ɗaya ya gane ɗayan, kuma ko bayan shekara goma, in sauri ya ninka, sunan bai tsufa ba.

Ɗalibi: Malama, ba a ce "rumbun filasha" ba? Ya fi gajarta, kuma an koya mana cewa fasaharsu ɗaya.

Injiniya: Ƙanena, gaskiya ne ƙwayoyin ajiyar dangi ɗaya ne, ana kiransu NAND. Amma filasha a bakin mutane ita ce 'yar ƙaramar da ake soka wa kwamfuta ta USB, kuma haɗa sunan zai yi wa 'yan jabu daɗi. Akwai na jabu da in an fasa kwalinsu filasha mai arha ce a ciki, an rubuta terabait 2 a jiki, an kuma yi wa ƙwaƙwalwarta dabara ta riƙa shaida wa Windows haka. Za ta karɓi fayiloli lafiya lau har ta cika ainihin cikinta, daga nan sai ta riƙa rubuta sabo a kan tsoho, mai ita ba zai sani ba sai ran da ya buɗe fayil ya ƙi buɗewa. Manhajar H2testw tana cika rumbun kaf sannan ta karanta, nan take asiri ke tonuwa. In kuma na hannu ne, a duba shi da CrystalDiskInfo: za a ga awa nawa ya yi a kunne, terabait nawa aka rubuta masa, da kason lafiyarsa. Kowane SSD yana da iyakar rubutu; Samsung 870 EVO mai terabait 1, alal misali, terabait 600 kamfanin ya lamunce masa. Amma kada a zargi mai shago don rumbu mai terabait 1 ya nuna gigabait 931 a Windows, wannan bambancin lissafi ne, ba cuta ba.

Na goyi bayan rumbu marar faifai. Sai dai sunan bai gama aikin ba, domin inda mutane ke asarar kuɗi shi ne rashin raba siffa da hanya. Siffa biyu ce: mai akwati, inci 2.5, wanda ke zama daidai gurbin tsohon rumbun laftof, da siririn da ake kira M.2. Hanya ma biyu ce, SATA da NVMe. Mai akwati na gama-gari SATA ne. Siririn kuwa yana iya zama kowanne, ga shi a ido kusan iri ɗaya. A duba haƙoran zinaren bakinsa: giɓi biyu galibi SATA ne, giɓi ɗaya NVMe. Na ce galibi, don haka takardar bayanin kwamfutar ce alƙali. Akwai gurbin da SATA kaɗai yake ji, akwai mai jin NVMe kaɗai, akwai mai jin duka. In an sa wanda gurbin ba ya ji, yana iya shiga daram, a kunna kwamfuta ta yi kamar ba a sa komai ba. Sai tsawo: 2280 na nufin faɗin milimita 22, tsawon 80, shi ya fi yawa. Akwai 2242 da 2230, gajeru. Wasu laftof ɗin ofis suna da wani gurbi mai kama da wannan wanda na katin layin waya ne, kada a ruɗe da shi.

Malamar Hausa: To Injiniya, ka kawo kalmomin da kanka. *Mai akwati* da *siriri* sun zauna. SATA da NVMe sunaye ne, a bar su yadda suke, tunda haka za a gan su a jikin kwali. Mai saye ya ce, "Ba ni rumbu marar faifai, siriri, na NVMe, 2280, mai gigabait 512." Babu inda mai shago zai zille.

Mai gyara: Madalla, Malama. Bari in gwada su ga aiki mu ji ko sun sha hannu. Kahin a taɓa komi, a kwashe muhimman fayiloli waje guda, in kuma BitLocker, makullin da Windows ke yi ma rumbu, na kunne a nemo lambar buɗe shi a aje. A kashe laftof, a cire caja, a buɗe bayanta, a zare igiyar batir daga babban allon lantarki na ciki tun da hwari. Noti guda da ya hwaɗa bisa allo mai wuta ya isa shi ƙona shi. Lokacin hunturu iska ya bushe, jiki na tara lantarki, sai a taɓa ƙarhe kahin a ɗauki siririn, a kuma riƙe shi ta gehe, ban da haƙoran.

A soka shi ga gurbi a karkace, kamar digiri 30, har haƙoran su ɓace. Za a ga gindinshi ya ɗaga sama, haka ya kamata. A danna shi a hankali shi kwanta bisa ɗan turken noti da ke ƙarshen gurbin, a ɗaure da ƙaramin notin nan mai tsawon milimita 3, a tsaya da zarar ya kama. In babu turken anka ɗaure shi kai tsaye ga allo, lanƙwashewa shi kai, bayan 'yan watanni shi hwara ɓacewa shina dawowa. Siraran laftof kuma wasu ba su ɗaukar mai ƙwayoyi ciki da baya, sai mai gehe guda.

Malamin kwamfuta: In ƙara a kan na bayan ɗaurawa. Sabon rumbu ba ya bayyana cikin jerin C da D sai an shiga Disk Management na Windows an zaɓa masa tsarin rabo na GPT an yi masa fomat. Da yawa kan mayar da lafiyayye shago saboda wannan. In za a sa Windows sabuwa a kwamfuta mai Intel ƙarni na 11 zuwa sama aka ga babu rumbu a jerin, sau da yawa wani saiti mai suna VMD ne a kunne cikin BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi: ko a kashe shi, ko a loda direban Intel RST daga filasha. In kwafe tsohon za a yi da manhajar Clonezilla, a tabbata girman tsohon bai fi na sabon ba. A kwamfutar tebur, wasu allunan kan kashe ramin SATA ɗaya ko biyu da zarar an cika gurbin siriri, sai tsohon rumbu ya ɓace; a mayar da igiyarsa wani ramin.

Injiniya: Saura zafi, mu da watan Afrilu kan haura mana digiri 40. Siririn NVMe in ya wuce digiri 70 yakan rage gudu da kansa don kada ya lalace, na ƙarni na 4 da na 5 sun fi yin haka. A kwamfutar tebur a ɗora masa ƙarfen nan mai tsaga-tsaga, a kuma tuna a ɓare ledar da ke kan danƙon da ke ƙarƙashinsa, in ba haka ba ledar ce za ta tare zafin. A laftof babu sarari, sai dai danƙon kaɗai da share ƙurar fanka. Malama, shi wannan ƙarfen fa?

Malamar Hausa: *Ƙarfen shan zafi*, danƙon kuma *danƙon shan zafi*. Malam, a sa su cikin darasin yaran tare da sauran.